Daga Jar Dara Zuwa Jakar Waya: Sana'ar Da Ba Ta Bukatar Allura Ko Masaƙa

Daga Gesse, Birnin Kebbi

A hutun Babbar Sallar bara na tattara gashin ragonmu na layya cikin kwarya, na zuba ruwan ɗumi da sabulu, na yi ta murza har tafin hannuna ya yi ja. Wai ni a dole sai na yi ɗan abin ɗora tukunya irin wanda na gani ana yi a intanet. Bayan awa biyu, abin da ya rage a kwaryar shi ne gashi yana yawo a kan kumfa, ga ƙannena sun kewaye ni suna dariya. Na ji kunya, amma kunyar ce ta sa na zauna na bincika inda na kuskure.

Sana'ar da na so in gwada ita ce cuɗa ulu, wato gashin tumaki mai laushi, har ya kame ya zama ƙyalle mai kauri. Ba saƙa, ba ɗinki. Kuma kada ku ɗauka baƙon abu ne a wurinmu. Ku dubi jar dara da dattawa ke sawa, ko wadda ake naɗa rawani a kanta. Ku nemi zarenta ku gani, ba za ku samu ba, domin cuɗaɗɗen ulu ce.

Yadda ake yin dara

Ƙasar Tunisiya ce ta yi fice wajen yin wannan hula, kuma Nijeriya da Nijar suna cikin manyan masu sayenta. A birnin Tunis akwai kasuwar masu dara tun ƙarshen ƙarni na 17. Mata ne ke fara saƙa hular da zaren ulu, ta fito ƙatuwa, sako-sako. Daga nan a kai ta garin El Battan da ke bakin kogin Majarda, a yi ta bugunta cikin ruwa da sabulu har ta tsuke, saƙar ta ɓace. Sannan a taje ta, a rina, a ɗora a kan ma'auni ta ɗauki siffar kai.

Can tsakiyar Asiya abin ya fi haka nisa. Makiyayan Mongoliya da shi suke rufe ɗakunansu. A tsaunukan Altai an haƙo shimfiɗun cuɗaɗɗen ulu da suka haura shekara 2,000. A 2012 kuma hukumar UNESCO ta sa dardumar ulu ta mutanen Kirgistan cikin jerin al'adun da ke bukatar ceton gaggawa.

To me ya hana nawa kamawa?

Wanda ya taɓa gyara kifi a Argungu zai gane wannan da sauri. Kowane silin ulu yana da ɓawo ƙanana a jere kamar na jikin kifi, sai dai ido ba ya ganinsu. Ruwan ɗumi da sabulu suna sa ɓawon ya ɗaga, silin ya yi santsi. Idan aka murza, sai silin nan su shige cikin juna, ɓawon ya hana su komawa baya. Da zarar sun sarƙe, shi ke nan, ba mai warware su.

Matsalata ita ce tumakinmu, Uda da Balami da Yankasa, gashi gare su, ba ulu ba. Gashin gajere ne, mai kauri, miƙaƙƙe, ya dace da zafin ƙasarmu amma ba ya sarƙewa. A Afirka ta Yamma tumakin da aka sani da ulu su ne na Masina a ƙasar Mali, waɗanda Fulanin can ke saƙa barguna da gashinsu.

Tarko na biyu yana kasuwa. Yawancin zaren da muke kira ulu, wanda ake saƙa hular jarirai da shi, na roba ne. Ko kwana za ka yi kana murza shi ba zai kame ba. Gwajin mai sauƙi ne: a yanki ɗan guntu a kai shi bakin ashana, a gaban babba. Ulu na gaskiya yana warin ƙonannen gashi, tokarsa tana murƙushewa. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri.

Inda na samu sa'a

Wurin 'yan gwanjo na samo mafita. Bayan hunturu rigunan sanyi sukan yi araha. Na duba takardar wuyan wata tsohuwar suwaita, na ga an rubuta ulu ne kashi 100, na saya. A kula, idan takardar ta ce ana iya wanke rigar a inji, an riga an shafe ɓawon silin, wataƙila ta ƙi.

Na jiƙa ta a ruwan zafi daidai wanda hannu zai jure, na goga sabulu, na cuɗa kamar mai kwaɓa fulawa. Na naɗe ta cikin tsohuwar tabarma na yi ta mirginawa, ina tsoma ta a ruwan sanyi ina mayarwa a na zafi. A hankali ta tsuke, ta yi kauri, har na yanka da almakashi bakin bai warware ba. Ashe hanyar masu dara na bi. Daga riga ɗaya na fitar da abin ɗora tukunya biyu, da jakar waya, da rigar fulas ɗin shayin Baba. Wanda zai gwada ya yanka bayan cuɗa, domin ƙyallen yakan ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku.

Ado da siliki

Siliki ba shi da ɓawo, shi kaɗai ba ya kamewa. Masu aiki da sakakken ulu sukan shimfiɗa siririn siliki a kai, silin ulun ya ratsa ya riƙe shi, ya fito da ƙyalli. A kan nawa ƙyallen da ya riga ya kame, sai na ɗinka ado da zaren wani tsohon gyale na Inna.

A nan ma muna da namu gadon. Tsamiya, zaren da ake yi wa babbar riga aiki irin su aska takwas, siliki ne na gida. Daga gidan wata tsutsa mai cin ganyen itatuwa irin su tsamiya ake samunsa, a dafa da toka, a kaɗa shi kamar auduga. Akwai kuma alharini da fatake suka riƙa kawowa ta hamada. Yau zaren kanti ya mamaye wurinsu, matasa da yawa ba su taɓa riƙe tsamiya ta ainihi ba.

Ƙannena, ba zan ce muku wannan sana'a za ta azurta ku gobe ba. Ulu yana da wuyar samu a nan, kuma ƙyallen ba ya son wanki da ruwan zafi, sai ya ƙara tsukewa. Amma jarin bai wuce tsohuwar riga da sabulu da ƙarfin hannu ba, kuma darasin kimiyya ne da za ku taɓa da yatsunku. Ku tambayi malamin koyar da sana'a ko za ku gwada a aji. Idan kuma akwai tsohuwar riga mai aikin tsamiya a akwatin kakanku, ku roƙe shi ya fito da ita, ya faɗa muku wanda ya ɗinka ta.