Fulawar inuwa a Jimeta: abin da zai rayu da wanda zai ci maka kuɗi

'Yan uwa mazauna Legas, Ibadan da Fatakwal da ke gini a gida Adamawa sukan tambaye ni a kan hosta, tsiron nan mai faffaɗan ganye da suke gani a hotunan lambunan Turai. Amsata ɗaya ce: kada ka saye ta don Yola.

Asalin hosta daga Japan, Koriya da Sin take. Kowace shekara sai ta zubar da ganye, ta yi makonni tana barci cikin sanyi na wajen digiri 5, sannan ta sake tohowa da ƙarfi. To ina za ta samu wannan a bakin kogin Binuwai? Ko a tsakiyar hunturu sanyin Yola bai kai nan ba, a Maris da Afrilu kuwa zafi kan haura digiri 40. Inuwa kaɗai ba ta isa ba, haka za ta yi ta ramewa har ta mutu.

Wanda ya fi dacewa da mu shi ne kaladiyum, ɗan uwan gwaza daga Kudancin Amurka, mai ganye ja da fari da kore. Shi rani ne ke sa shi barci, ba sanyi ba. Ganyen ya bushe da kaka, saiwar na nan a ƙasa, ruwan Mayu na sauka ya dawo. Moda ma tana jure inuwa da ƙishirwa, citta kuma ga ado ga amfani a kicin.

Sai dai ka lura, ƙarƙashin mangwaro ko dogon yaro jijiyoyin bishiya ke shanye ruwan. Ni shawarata a dasa a tukunya mai huji a gindi. A haɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen kashin shanu, ɗanye yana ƙona saiwa. A aje inda hantsi kawai zai taɓa shi. Idan kaladiyum ya yi barci a daina ban ruwa, in ba haka ba saiwar ta ruɓe.

Abu na ƙarshe, ganyen kaladiyum na da ƙaiƙayi mai zafi a baki. Gidan da ke da yara ko awaki, a ɗaga tukunyar sama inda ba za su kai ba.