Tsatsar gindin gilashi: Yadda ake sauya farantin da ke cinye tsofaffin Fijo a ƙasar Yawuri

Fijo 504 ta fito ne a Faransa a shekarar 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai a 1969. Kamfanin PAN ya buɗe masana'antarsa a Kaduna a 1975, inda aka ci gaba da haɗa wannan mota har zuwa 2006. Ke nan ko wadda ta fito a ƙarshe ta doshi shekara 20. Duk da haka ba a rasa ganinta a kan titin da ya taso daga Kontagora ya ratsa Yelwa ya nufi Koko da Jega, wata na ɗauke da fasinja, wata da buhunan shinkafa ko kwandunan kifi. Akwai kuma 'yan kasuwa da ma'aikata da ke neman tsohuwar su gyara ta, ko don sha'awa ko don tsadar sabuwar mota. Inji da giya suna da magani wurin makanike. Abin da ya fi kashe irin wannan mota shi ne tsatsa, kuma ɗaya daga cikin wuraren da take fara ɓuya shi ne farantin ƙarfen da ke tsakanin bonet da gilashin gaba, wanda littattafan gyaran mota ke kira kawul.

Wannan faranti yana da aiki uku. Ta ramukansa iska ke shiga cikin mota, a ƙarƙashinsa na'urar waifa take, sannan duk ruwan da ya gangaro daga gilashi cikinsa yake zuba kafin ya fita ta ƙananan magudanai a gefe. Bayan haka, yana haɗe da ginshiƙan da ke riƙe da gilashi da ƙofofin gaba, da kuma bangon da ya raba inji da mazaunin direba. A motar da jikinta shi ne ƙashin bayanta, kamar 504 salun da wagon, raunin wannan wuri rauni ne ga gaban motar baki ɗaya.

Yanayin Yawuri da Ngaski da Shanga yana taimaka wa tsatsa. Da hunturu ƙura na taruwa cikin farantin, ganyen darbejiya da na mangwaro suna faɗawa ta ramukan iska idan an ajiye mota a inuwa. Ruwan farko na damina sai ya mai da su laka, lakar ta toshe magudanai. Ga kuma danshin Kogin Kwara da tafkin da ya samu bayan kammala madatsar Kainji a 1968, wanda ke hana lakar bushewa da wuri a garuruwan bakin ruwa irin su Yelwa da Wara. Ƙarfen jikin mota kaurinsa bai cika wuce milimita 1 ba, don haka lakar da ta shekara a kansa tana cin sa daga ciki yayin da fentin waje ke ta sheƙi.

Alamun ba su da wuyar ganewa: shimfiɗar ƙafa ta jiƙe bayan ruwan sama, warin ruma a cikin mota, fenti ya kumbura a kusurwar gilashi, waifa tana rawa a mazauninta, fiyus yana yawan ƙonewa saboda ruwa na ɗiga kan wayoyi. Mai niyyar saye zai iya zuba bokitin ruwa a gindin gilashi ya leƙa ƙarƙashin dashbod, sannan ya bi wurin da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, fila ce aka cusa.

Nan ne da yawa ke yin asara. Shafa fila a kan ruɓaɓɓen ƙarfe yana da araha, ana kuma gamawa cikin yini guda, amma tsatsar na ci gaba a ƙarƙashi, bayan damina ɗaya ko biyu filar ta tsage, ruwan ya koma cin daɓen motar. Kamar yadda Hausawa ke cewa, araha ba ta ado. Gyaran gaskiya shi ne a yanke ruɓaɓɓen a sa lafiyayye.

Matakin farko shi ne samun farantin. Sabo yana da wuyar samu, shi ya sa masu gyaran jikin mota ke neman wanda aka yanko daga mushen mota a kasuwanni irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Ya kamata a yanko shi da rarar ƙarfe a gefuna, a kuma duba cikinsa, domin shi ma yana iya zuwa da tasa cutar. Idan ɓarnar kaɗan ce, ƙwararren fanal-bita kan ƙera faci da sabon ƙarfe mai kauri iri ɗaya.

Daga nan sai a cire batir, bonet, waifa da gilashin gaba, a janye dashbod da wayoyi da duk abin da zai iya kama wuta. Kafin a yanke komai, ana auna faɗin gurbin gilashi daga kusurwa zuwa kusurwa a rubuta, a kuma tokare ginshiƙan da sandar ƙarfe don kada su motsa. A masana'anta an liƙa farantin ne da ɗigo-ɗigon walda, saboda haka ana huda kowane ɗigo da injin huji a ɓamɓare farantin a hankali. Sara da kurfi da guduma yana yaga lafiyayyen ƙarfen da ke ƙasa.

Idan aka buɗe, sai a kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari, a toshe ramukan da ke ƙasa da walda, a buɗe magudanai, a shafe ciki da fentin hana tsatsa. Wannan ita ce dama ɗaya tilo, domin da zarar an rufe, hannu ba zai sake isa wurin ba. Sai a ɗora sabon farantin a matse shi, a gwada bonet da ƙofofi da gilashi a ga kowanne ya zauna daidai kafin a kunna wuta.

Walda ita ma tana da ƙa'ida. Waldar lantarki ta sanda tana huda siririn ƙarfe, waldar kabaid kuma tana baza zafi har farantin ya lanƙwashe. Abin da ya fi dacewa shi ne injin walda mai waya da gas. Inda babu shi, sai a riƙa yin ɗigo nan, a tsallaka can, ana barin ƙarfe ya huce. Bayan an goge, ana bin duk mahaɗa da danƙon toshe kafa, sannan fenti. Filar da za a sa ba ta wuce ta daidaita fuska ba. Gilashi kuma ya koma da sabuwar roba, sai a sake gwajin bokitin ruwa.

Akwai abu guda da ya shafi doka. A motoci da dama lambar shasi tana kusa da wannan wuri. Kada a bari a yanke ta, kada kuma a ɗauko farantin da ke ɗauke da lambar wata motar, domin saɓani tsakanin lamba da takardu na iya jawo wa mai mota tuhuma a hannun 'yan sanda ko jami'an duba motoci.

Mai mota yana da haƙƙin ya nemi ganin aikin a mataki biyu: bayan an buɗe an kankare, da bayan walda kafin fenti. Bayan an karɓi mota kuwa, a riƙa share ganye daga ramukan iska, a kuma wanke magudanan da ruwa a ƙarshen hunturu, kafin saukar ruwan farko.