Masu Gadi Biyu A Kwamfuta Ɗaya

MUBI: A shagunan buga takardu na unguwar Yelwa, ƙwayar cutar kwamfuta takan shigo ne ta filashin masu kawo aiki, shi ya sa ake dogara ga manhajar kariya ta kyauta. Wurin sauya ta ne asara ke aukuwa. Wanda ya bar Avast ya koma AVG bai yi nisa ba, domin Avast ta sayi AVG tun 2016. Mafi muni shi ne girka sabuwa ba a cire tsohuwa ba: sukan yi karo, na'ura ta yi nauyi, aiki ya tsaya alhali man janareta na ƙonewa. Microsoft Defender kuwa, da ke cikin Windows 11, yakan janye da kansa idan an girka wata, ya dawo idan an cire ta.