Gasar masu ƙera furosesa da kwamfutar da ke isowa Magarya da Dungas

A gundumomin Magarya da Dungas da ke kudancin jihar Damagaram, kwamfutar tebur ta zama kayan aiki na yau da kullum a ma'aikatun magadan gari, da makarantun sakandare, da cibiyoyin kiwon lafiya, da kuma shagunan da ake buga takardu da wanke hotuna, amma kaɗan ne daga cikin waɗannan na'urori aka saya sababbi fil. Galibinsu na hannu ne, ƙirar Dell da HP da Lenovo, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama amfani da su, aka loda su a jiragen ruwa zuwa Legas ko Kwatano, sa'an nan 'yan kasuwa suka hauro da su ta Kano har suka ƙetaro iyaka ta wajen Maigatari ko Babban Mutum. Saboda haka duk wata gasa da manyan kamfanoni ke yi a kan saurin kwamfuta tana isowa wannan yanki ne bayan shekaru biyar ko fiye, kuma tana tarar da zafi da ƙura da ƙarancin wutar lantarki waɗanda masu ƙera na'urorin ba su cika lissafi da su ba.

Abin da ake gasar a kansa shi ne furosesa, wato wani ɗan ƙaramin falle na silikon da ke maƙale a kan babban allon kwamfuta, wanda shi ne ke aiwatar da kowane umurni da manhaja ta bayar. A cikinsa akwai tiranzistoci, waɗanda ƙananan makunnai ne da ke buɗewa da rufewa don barin lantarki ya wuce ko a tare shi, kuma da wannan buɗewa da rufewa ake yin dukkan lissafi. Furosesar farko da kamfanin Intel ya fitar kasuwa a 1971, mai lamba 4004, tana da tiranzista 2,300 kacal, alhali ta yau tana ɗauke da biliyoyi. Abubuwa uku ne ke taruwa su ba da ƙarfinta: yawan bugun da take yi a daƙiƙa ɗaya, wanda ake aunawa da gigahaz, inda gigahaz ɗaya ke nufin bugu biliyan ɗaya, yawan ƙwayoyin aikinta, wato sassan da kowannensu ke iya gudanar da lissafi shi kaɗai, da kuma yawan aikin da kowace ƙwaya ke gamawa a bugu guda. Lamarin ya yi kama da gayyar noma, inda ƙwayoyi su ne adadin manoman da suka amsa gayya, gigahaz shi ne saurin saran kowanensu, ingancin ƙira kuwa shi ne faɗin galmar da ke hannunsa, don haka mai saurin sara da ƙaramar galma yana iya zama a baya.

Tarihin gasar ya tabbatar da hakan. An kafa Intel a 1968, AMD kuma a 1969, dukansu a jihar Kalifoniya, kuma da IBM ya zaɓi furosesar Intel mai lamba 8088 don kwamfutarsa ta 1981, sai aka ba AMD lasisin ƙera irinta domin kada kasuwa ta dogara ga kamfani guda. Daga nan abokan hulɗa suka rikiɗe suka zama kishiyoyi. A shekara ta 2000 AMD ya riga Intel kai wa gigahaz ɗaya da furosesar Athlon, Intel kuwa ya mayar da martani da Pentium 4, wadda aka yi ta ƙara wa gudu har ta kai gigahaz 3.8, sai dai cin wutarta da zafin da take fitarwa sun yi yawan da dole aka bar wannan hanya. Core 2 Duo da ta fito a 2006 ba ta kai Pentium 4 yawan gigahaz ba, amma ta fi ta aiki nesa ba kusa ba da wuta kaɗan, kuma tun daga lokacin hankalin injiniyoyi ya koma kan ƙara ƙwayoyi da gyara ƙira. Gasar ba ta tsaya a ɗakin bincike kawai ba, domin a 2009 Tarayyar Turai ta ci Intel tarar yuro biliyan 1.06 bisa zargin ba masu haɗa kwamfuta rangwame don su guji AMD, shari'ar da aka shafe shekaru ana ɗaukaka ƙara a kanta, kuma a wannan shekarar Intel ya biya AMD dala biliyan 1.25 don a kashe ƙararrakin da ke tsakaninsu.

Shekarun da suka biyo baya su ne suka fi shafar mai saye a Magarya ko Dungas, ko da bai taɓa jin labarinsu ba. Ƙirar Bulldozer da AMD ya fitar a 2011 ba ta yi abin a zo a gani ba, kamfanin ya yi rauni, Intel ya rasa mai taka masa birki, don haka daga zubi na biyu na jerin Core a 2011 har zuwa zubi na bakwai a farkon 2017, furosesar i7 ta kwamfutocin ofis ta tsaya a ƙwaya huɗu, ana ƙara mata ɗan ƙarfi kaɗan kowace shekara. Sai a 2017, ƙarƙashin shugabancin Lisa Su, AMD ya fito da Ryzen mai ƙwaya takwas a kan kusan rabin farashin takwararta ta Intel, kuma kafin shekarar ta ƙare Intel ya fitar da zubi na takwas, inda i5 da i7 suka koma ƙwaya shida, i3 ta koma huɗu. Abin da aka kasa samu cikin shekara shida ya samu cikin watanni da zarar kishiya ta farfaɗo, kuma wannan ya isa hujja cewa mai saye ba ya cin moriyar kasuwar da kamfani ɗaya ya mamaye.

A nan ne kuskuren da ya fi yawa a kasuwar kayan hannu yake faruwa. Mai shago yana nuna ɗan tambarin da aka liƙa a jikin akwatin, yana ɗaga farashi saboda an rubuta i7, mai saye kuma yana ɗauka cewa bakwai ta fi biyar a kowane hali, alhali lambar da ke bin bayan sunan ce ke faɗin gaskiya, domin a furosesocin tebur masu lambobi huɗu, ta farkon ita ce ke nuna zubi. Furosesa i7-2600 ta zubi na biyu ce, ta 2011, tana da ƙwaya huɗu, an kuma ƙayyade mata wat 95. I5-8500 kuwa ta zubi na takwas ce, ta 2018, tana da ƙwaya shida da wat 65, kuma ta fi waccan ƙarfi a kusan kowane aiki. Wanda ya biya kuɗi mai yawa don i7 ta zubi na biyu ya sayi na'urar da ta fi tsufa, ta fi cin wuta, ta kuma fi jinkiri.

Batun wat yana da nauyi na musamman a wannan yanki. Nijar ta daɗe tana sayen kaso mafi girma na lantarkinta daga Nijeriya, kuma da aka yanke wutar a watan Agusta na 2023 sakamakon takunkumin ƙungiyar ECOWAS, kamfanin NIGELEC ya shiga rabon wuta na watanni, abin da ya ƙara tura masu ƙananan sana'o'i ga faranti mai amfani da hasken rana da batir. Ƙauyuka da dama na ƙananan hukumomi irin su Dogo-Dogo da Mallawa da Waca kuwa dama ba su da wata hanya sai wannan. Lissafin ba shi da wuya: babbar kwamfuta da allonta idan suna jan wat 100 na tsawon awa takwas, sun cinye wat-awa 800, alhali batirin dalma mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe wat-awa 1,200 ne, kuma ba a so a zuƙe fiye da rabinsa idan ana son ya yi ƙarko. Ƙananan kwamfutocin ofis masu girman littafi, waɗanda furosesarsu ke da harafin T a ƙarshen lamba, alamar an ƙayyade mata wat 35, suna iya yin aikin buga takardu da lissafin kuɗi da kusan rabin wannan wuta. Ga mai shago a Dungas, ma'aunin da ya dace shi ne yawan aikin da na'ura ke yi da kowane wat, saɓanin furosesocin da ake kurarin saurinsu a tallace-tallace, irin su i9-14900K, wadda ke iya jan wat 253 ita kaɗai.

Zafi ma yana rage ƙarfin da aka rubuta a takarda. Furosesa tana da na'urar auna zafi a cikinta, kuma idan ta kusanci digiri 100 sai ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin bazara ke haura digiri 40 a inuwa, fanka tana hura iska mai zafi ne a kan ƙarfen da ya kamata ya sanyaya furosesar, kuma idan ƙurar hunturu ta riga ta toshe haƙoran ƙarfen, man da ke tsakaninsa da furosesa ya bushe saboda tsufa, na'urar tana iya rasa kaso mai yawa na saurinta ba tare da wani abu ya lalace ba. Share ƙura da sauya wannan mai aiki ne mai araha da kowane mai gyara ya iya. Haka nan, sau da yawa jinkirin kwamfuta ba laifin furosesa ba ne: sauya tsohon faifan ajiya mai juyawa da irin wanda ake kira SSD, da kai ma'ajiyar wucin gadi ta RAM zuwa gigabait 8, sun fi sauya furosesa tasiri a aikin ofis.

Gasar kanta ta sauya kama a 'yan shekarun nan, domin yanzu sau da yawa mai zana furosesa daban, mai ƙera ta daban. AMD ya rabu da masana'antunsa a 2009, kuma a yau kamfanin TSMC na Taiwan, wanda Morris Chang ya kafa a 1987, shi ne ke ƙera masa, shi ne kuma ke ƙera wa Apple, wanda ya fara barin Intel a 2020 da furosesarsa M1 mai bin tsarin Arm. Wannan tsari na Arm, wanda aka gina bisa tattalin wuta, shi ne ke cikin wayoyin Tecno da Itel da suka cika kasuwannin Magarya, mafi yawansu da furosesocin MediaTek ko Unisoc, don haka mutanen yankin sun riga sun saba da wani ɓangare na gasar a aljihunsu.

Abin da ya kamata hukumomi da makarantu su sa wa ido yanzu shi ne matakin Microsoft na daina ba Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum daga 14 ga Oktoba 2025, alhali Windows 11 ba ta karɓar galibin furosesocin Intel da suka girmi zubi na takwas, ko na AMD da suka girmi Ryzen 2000. Ofisoshin ƙasashen waje suna zubar da miliyoyin irin waɗannan na'urori masu rai da lafiya, kuma hanyar da ta saba kawo su Kano da Damagaram ita ce za ta kawo waɗannan da farashi mai jan hankali. Ba su zama shara ba, domin manhajar Linux, irin su Ubuntu da Linux Mint, tana gudana a kansu kyauta tare da gyare-gyaren tsaro, kuma ta wadatar ga ɗakin koyon kwamfuta ko shagon buga takardu. Amma ma'aikatar da ke ajiye takardun haihuwa ko bayanan marasa lafiya, wadda kuma manhajojinta ba sa aiki sai da Windows, ya wajaba ta sa sharaɗin zubi na takwas ko sama da haka a cikin takardar odarta, ta kuma buɗe na'urar ta duba cikakkiyar lambar furosesa kafin ta biya kuɗi.