Yadda Mai Koyo Zai Haɗa Teburin Rubutu Da Fallen Katako Guda

Ɗan makaranta da ma'aikaci duk suna bukatar teburin rubutu a gida. Mutum yana iya haɗa shi da hannunsa ko da bai taɓa zama a shagon kafinta ba, muddin ya fahimci abu guda: katako yana shan danshi ya kumbura da damina, ya bushe ya tsuke da hunturu. Wanda bai kula da wannan ba, kafin shekara ta zagayo teburinsa zai tsage ko ya lanƙwashe, kuɗinsa da wahalarsa su tafi a banza.

Zaɓen katako

Maɗaci da loko da ƙawo suna da ƙarfi, suna kuma daɗewa. Falle mai tsawon santimita 120, da faɗin 60, da kaurin 4 zuwa 5 ya wadatar. A guji wanda ya haɗa da tsakiyar gungume, domin daga nan tsagewa take somawa.

Busarwa

Ƙa'idar da kafintoci suka saba bi ita ce shekara guda ga kowane inci na kauri. Ana ajiye katakon a inuwa, inda iska take ratsawa, a ɗora shi a kan 'yan sanduna don kada ya taɓa ƙasa gara ta same shi. A shafe bakunansa biyu da fenti ko kakin zuma, gama ta nan ne ruwa ya fi saurin fita. Katakon da aka ɗauko daga wuri mai laima kamar Sapele zuwa Kano ko Sakkwato, wajibi ne a bar shi ya yi makonni a ɗakin da teburin zai zauna kafin a sa masa zarto.

Daidaitawa da gogewa

A ɗora miƙaƙƙun sanduna biyu a gicciye, ɗaya a kowane ƙarshe, a hango su daga gefe. Idan ba su yi daidai da juna ba, katakon ya murɗe, sai a kankare inda ya yi tudu. Bayan haka a goge da samfefa, a fara da mai kaushi a ƙare da mai laushi, ana bin tsawon katakon. A rufe hanci da baki, domin ƙurar loko tana sa tari da ƙaiƙayi.

Ɗora shi a kan ƙafafu

Tsayin da ya dace da baligi shi ne kimanin santimita 75. A haɗa ƙafafu huɗu da katakan da za su riƙe su, sa'an nan a ɗora fallen. A nan ne masu koyo suka fi yin kuskure: sukan kafe shi da ƙusa da gam har ya rasa wurin motsi. Katako ta faɗinsa yake motsi, tsawonsa kuwa kusan ba ya canzawa. Saboda haka a yi amfani da sukuru, a kuma yi hujin da ke jikin marikin ya zama mai ɗan tsawo ta wajen faɗin teburin, yadda sukurun zai iya gusawa kaɗan.

Daga ƙarshe a shafa banish sau biyu ko uku, sama da ƙasa da gefuna. Idan aka shafe sama kaɗai, ƙasan zai riƙa shan danshi fiye da saman, fallen ya lanƙwashe. Teburin da aka yi wa wannan haƙuri, wa zai yi karatu a kansa ya bar wa ƙane.