Akwatin da Ke Tsakanin Batir da Farfela

Duk lokacin da aka ɗauko zancen jirgin sama mai tashi da lantarki, batir ake ɗora wa laifi, wai nauyinsa ya yi yawa, ƙarfinsa kaɗan. Gaskiya ne, amma ko gobe aka sami batir mai sauƙi, da sauran rina a kaba, domin tsakaninsa da injin farfela akwai inbata, 'yar'uwar wadda ke maƙale a bangon masu sola. Ita ke karɓar wutar batir, ta kunna ta kashe sau dubbai a daƙiƙa guda, har ta zama irin wadda injin ke ci.

Matsalarta ta farko zafi ne. Inbata mai ɗaukar megawat 1, in ta yi asarar kashi 2 cikin 100 kacal, zafin da za ta fitar ya kai na dutsen guga 20 a jone lokaci guda, kuma duk na'urar sanyaya da aka ƙara nauyi ce ga fukafukai. Wayoyi ma nauyi ne, kuma ba sa sirancewa sai an ɗaga ƙarfin wuta. To, a can sama iska ba ta da kauri, tartsatsi kan tsallaka daga waya zuwa waya cikin sauƙi, yana cin rufinsu a hankali. Gaba kura, baya sayaki ke nan. Jirgin gwaji na E-Fan X, na kamfanonin Airbus da Rolls-Royce, an tsara shi a kan bolt 3,000, amma aka jingine shi a 2020 bai tashi ba.

Wani zai ce ai motocin lantarki sun daɗe suna gudu da bolt 800 lafiya lau. Haka ne, sai dai mota tana ƙasa, iska na kare ta daga ƙwayoyin hasken sararin samaniya masu iya ƙona taransisto farat ɗaya, kuma in ta tsaya direba ya gangara gefen titi. Matuƙin jirgi ba shi da gefen titi. Hukumar NASA ta Amurka ta ɗanɗana wahalar inbata da jirginta X-57: sai da aka sake ƙera inbatocinsa, aka kuma rufe aikin a 2023 tayarsa ba ta bar ƙasa ba. Jirgin lantarkin da Turai ta ba lasisi a 2020, Velis Electro na ƙasar Sulobeniya, kujeru biyu gare shi. Kafin kujerun su kai ɗari, sai wannan akwati ya jure zafi da tsawo ba tare da ya yi ƙiba ba.