Ciwon Ƙoda Ga Tsofaffi

Maigida, in akwai tsoho ko tsohuwa a gidanka, wannan magana taka ce.

Kowane mutum yana da ƙoda biyu, can ciki ta wajen baya, ƙarƙashin haƙarƙari. Girman kowace kamar dunƙulen hannunsa ne. Aikinsu tace jini, kamar yadda uwargida ke tace gasara. A kwana ɗaya sukan tace ruwa wajen lita 180, amma abin da ke fita fitsari bai fi lita ɗaya da rabi ba, sauran ya koma cikin jini.

Mugun halin ciwon nan shi ne ba ya sallama. Ƙoda takan rasa rabin ƙarfinta, mutum na ta zuwa gona bai ji kome ba. Ciwon bayan nan da tsofaffi ke kuka da shi kuwa, yawancinsa na ƙashi ne da jijiya, ba na ƙoda ba. Abin da za ka sa wa ido daban ne. Ka duba ƙafarsa. In ta kumbura har takalmi ya matse, ka danna da yatsa wurin ya loɓa, to, a lura. Haka in fuska na kumbura da safe, ko fitsari na kumfa kamar an kaɗa sabulu, ko ya daina marmarin abinci, ga tashin zuciya da kasala da ƙaiƙayi. Kada a ce tsufa ne, kada kuma a ce sammu ya taka. A kawo shi.

A ɗakin shan magani za mu auna jininsa mu ga ko ya hau, mu tsoma 'yar takarda cikin fitsarinsa mu ga ko akwai sukari ko furotin. Hawan jini da ciwon sukari su ne manyan masu kashe ƙoda. In mun ga alama sai mu tura shi babban asibiti, a ɗibi jini a auna wata dauɗa da ake ce wa kiriyatinin. Likita yakan sake awon bayan wata 3 kafin ya ce ciwon ya zauna, saboda haka kada a ƙi komawa. Tsohon da fitsari ke yi masa gardama, yana fita kaɗan-kaɗan, ya faɗa, ba abin kunya ba ne. Sau da yawa wani ƙullutu ne a ƙarƙashin mafitsara ya kumbura ya tare hanya, in an buɗe hanyar da wuri ƙoda ta tsira.

Ƙodar da ta daɗe da lalacewa ba ta komawa sabuwa, amma ana iya tsare abin da ya rage shekara da shekaru. A sha maganin hawan jini kullum, ko da an ji sauƙi. A rage gishiri: ƙaramin cokali ɗaya ya ishi mutum yini guda, har da na cikin dunƙulen miya. Uwargida ta ɗebar wa tsoho miyarsa tun ba ta zuba ba. In ya yi amai da gudawa, ko ya sha rana lokacin bazara, a ba shi ruwa da sauri, sai fa in likita ya ƙayyade masa.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin ciwon jiki na kasuwa, irin su Diclofenac da Ibuprofen. Ɗa ya saya wa ubansa don tausayi, tsoho ya sha safe da yamma har wata da watanni, nan kuwa ƙodarsa suke ci. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. In ciwo ya matsa, Paracetamol ya fi sauƙi ga ƙoda.

In ƙoda ta tsaya sarai, sai wankin jini da inji, awa huɗu, sau biyu ko uku kowane mako, a birni, da kuɗi mai yawa. Awon jini da fitsari kuwa sau ɗaya a shekara ya isa ga tsohon da ba ya jin kome. Ran da za ku zo, ku zuba duk maganin da yake sha cikin jaka, na asibiti da na gargajiya, ku taho mana da shi mu gani.